Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Makamashi a Taron Al'ummomin Bakin Teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ministan Makamashi, iyayenmu sarakuna, shugabannin masunta, 'yan uwa maza da mata. A madadin al'ummomin da ke zaune a bakin teku, ina yi wa babban baƙonmu barka da zuwa, tare da godiya da ya ajiye ayyukan ofis ya tako da ƙafarsa domin ya ji ta bakinmu kan shirin kafa injinan samar da lantarki daga iska a cikin teku.

Ranka ya daɗe, iskar teku ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa fita kamun kifi da asuba ya san cewa da zarar an yi nisa da gaɓa, inda babu tudu ko gini da zai tare ta, iska takan fi ƙarfi kuma ta fi ɗorewa. Wannan ne ya sa ƙasar Denmak ta fara gwadawa a 1991 da injina 11 a Vindeby, kuma abin ya bunƙasa har ta kai a 2022 tashar Hornsea ta biyu a tekun Ingila, mai injina 165, ta soma ba da wutar da za ta ishi gidaje fiye da miliyan ɗaya.

Amma abin da ya tara mu yau shi ne rabon mutanen gaɓa. A tsibirin Block da ke Amurka, mutane sun shafe shekaru suna dogaro da janaretocin dizal, ana shigo musu da mai ta jirgin ruwa da tsada. Injina biyar kacal aka kafa a 2016, a shekara mai bi aka kashe janaretocin, kuma wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa ta zo musu har da layin intanet. Garin Grimsby na Ingila, wanda arzikinsa ya durƙushe bayan sana'ar kamun kifi ta ja baya, yanzu daga tasharsa jirage ke fita da ma'aikatan gyaran injinan, a maƙwabcinsa Hull kuwa aka buɗe masana'antar ƙera fikafikansu a 2016. Aikin kafawa yana ƙarewa cikin 'yan shekaru, amma kula da injin aiki ne na shekara ashirin zuwa sama, kuma yaron da ya tashi yana sarrafa kwale-kwale a cikin igiyar ruwa ya riga ya mallaki rabin ƙwarewar da ake nema, saura a koya masa aikin lantarki da hawa sama cikin aminci.

Misalin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na tashar Middelgrunden kusa da Kopenhagen, babban birnin Denmak, inda rabin injinanta 20 mallakin ƙungiyar gama-kai ce ta dubban mazauna yankin. Mai hannun jari a abu ba ya yi masa kallon kayan baƙo.

Muna da damuwa, kuma ba za mu ɓoye ba. Ƙarar kafa ginshiƙai a ƙasan teku tana korar kifi na wani lokaci, sannan masu jan koma suna iya rasa wuraren da suka saba, ko da yake daga baya gindin ginshiƙan yakan zama matattarar ƙananan halittun ruwa da kifi ke bi. Saboda haka muna roƙon a zauna da masunta kafin a shata wurin, a rubuta diyya a fili, a horar da matasanmu tun kafin jirgin farko ya iso, a kuma ware wa al'umma kaso a cikin mallakar tashar.

Ranka ya daɗe, muna sake yi maka maraba, kuma muna sauraron jawabinka. Allah ya mayar da kai gida lafiya.