Tsohon radiyeto: gefe ɗaya juyinsa na hagu ne

Assalamu alaikum. Tun da sanyi ya fara shigowa Ingila nake ganin 'yan uwanmu mazauna tsofaffin gidaje a Manchester da Landan suna turo hoto iri ɗaya: an sayo tsohon radiyeton ɗumama ɗaki na ƙarfen zubi, an ɗora masa sifana, bakinsa ya tsage. Sai a ce ƙarfen ne ya ruɓe. Sau da yawa ƙarfen lafiyarsa ƙalau, baibai aka juya notin da ke bakinsa.

Bari mu yi sauri da matakin farko, wato cire shi a wanke. A kashe boila, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida, a jira ruwan ya huce, a rufe bawul biyun, a tara roba. Ɗaukarsa kuma aikin mutum biyu ne ko uku, don babba yakan haura kilo 100. A tsaye ake ɗaukarsa, in an kwantar da shi mahaɗansa na iya saki.

Ga shi a waje, tiyo a bakinsa. Baƙin ruwan da yake fitowa tsatsar ciki ce da ta kwanta shekara da shekaru. A bar shi ya yi ta zuba har ya fito fari. Fentin kuwa, don Allah kada a kankare shi a bushe cikin ɗaki, ballantana kusa da yara. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, kuma wanda ya tuna abin da gubarta ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ƙurarsa ba.

To, yanzu ku matso.

Radiyeton nan ba zubi ɗaya ba ne, sassa ne aka jera. Tsakanin kowane sashe da na kusa da shi akwai ɗan guntun bututu mai tiredi biyu, rabi na dama, rabi na hagu. Idan aka juya shi daga ciki, sai ya jawo sassan biyu su matse juna lokaci guda. Dabara ce mai kyau, ni har yau tana burge ni. Amma sakamakonta shi ne, in ka isa ƙarshen jerin, gefe ɗaya tiredinsa na dama ne, ɗayan na hagu, sama da ƙasa. Kamar dai fedar keke ta hagu, wadda kowane mai faci ya san ba a kwance ta yadda ake kwance 'yar uwarta.

Saboda haka a wannan gefen, juyin da ka saba kwancewa da shi ƙara ɗaurewa yake yi. Kai kana cewa tsatsa ce ta riƙe, ka ƙara wa sifana dogon bututu, ka hau da ƙafa. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa kawai yake yi.

Ta yaya za ka gane? Goge fentin wuyan notin da burushin waya. In tiredin ya leƙo, karkata kai ka dube shi kamar bututun a tsaye yake: layukan da suke hawa ta dama na dama ne, masu hawa ta hagu na hagu ne. In bai leƙo ba, fesa man sassauta tsatsa, ka bar shi ya kwana, sannan ka gwada a hankali ta kowace fuska. Na hagu yana kwancewa ne ta inda hannun agogo yake tafiya.

Akwai tarko na biyu wajen mayarwa, kuma shi ne ke jawo ɗigon da ake rasa dalilinsa. Ramin tsakiyar notin, inda bawul yake shiga, tiredinsa na dama ne. Kana ɗaure bawul, kana kwance notin hagun ba ka sani ba. Sifana biyu ake sa wa, ɗaya ta riƙe noti, ɗaya ta juya bawul. Kuma a sa sabuwar washa, tsohuwar ta gama aikinta.

Saura kaɗan. A gwada shi da matsin ruwa a waje kafin ya hau katakon ɗaki. A tsayar da shi daidai, a haɗa bututu, a zuba maganin hana tsatsa, a buɗe bawul. Ɗan makullin da ke saman radiyeton shi ke fitar da iska: da zarar hucin ya tsaya ruwa ya ɓullo, a rufe. Agogon matsin ruwa na boila ya dawo tsakanin 1 da 1.5 alhali ruwan yana da sanyi. In gyaran ya taɓa gas ɗin boilar kanta, wannan na mai rajistar Gas Safe ne, wato rajistar masu izinin gyaran gas, haka dokar Birtaniya ta ce. Daren farko a shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowane noti, da safe a duba.