Sunan Wa Ke Kan Ƙofar Filin Jirgi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgin sama na Kano ya san yadda abin yake. Ga jakunkuna an jibge, kowace an rubuta mata suna da lambar waya da babban alƙalami, ga 'yan rakiya sun ninka matafiya, wata tsohuwa na riƙe da hannun jikanta tana nanata masa addu'ar da zai yi mata in ya ga Ka'aba. A saman ginin kuwa an rubuta Malam Aminu Kano da manyan baƙaƙe, amma da wuya ka ji wani a cikin taron ya ambaci sunan. Mai adaidaita da ya kawo ka, "filin jirgi" ka ce masa. Takardar da ake liƙa wa jakar mai sauka a Kano kuma harufa uku ne kacal a jikinta: KAN. Sharhinmu na yau a kan waɗannan sunaye ne, na filayen jiragen sama da na gidajen wasan kwaikwayo, da wanda ake ba wa, da wanda ake ƙwacewa.

Bari mu fara da gida. Kano na cikin garuruwan da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar. A lokacin Aminu Kano yana ɗan shekara biyar. Ya girma ya zama jagoran jam'iyyar NEPU, ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da zaluncin masu mulki, ya rasu a 1983, yau kuma sunansa ne ke tarbar duk wani mai mulki da ya sauka a Kano. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna Malam yake rubuta wasan kwaikwayo da Hausa, yana amfani da shi wajen yi wa azzalumai da macuta shaguɓe. Ke nan in aka bi ta ɓarauniyar hanya, Kano na da filin jirgi mai sunan marubucin wasan kwaikwayo. Haka ma Bauchi, domin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta Shaihu Umar, labarin da daga baya aka mayar wasan dandamali har da fim. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba don alƙalami aka ba su ba. Siyasa ce ta ba su.

In ka bi sauran, layin ɗaya ne. Legas Murtala Muhammed, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Abuja Nnamdi Azikiwe. Sakkwato Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara hamsin a kan karaga. Katsina Umaru Musa 'Yar'adua, Jos Yakubu Gowon, Birnin Kebbi Sa Ahmadu Bello. Mace kuwa sai ka je Kalaba ka tarar da Margaret Ekpo. A Yamai akwai Diori Hamani, a Agadas kuma Mano Dayak, jagoran Abzinawa, wanda shi kansa haɗarin jirgin sama ne ya yi ajalinsa a watan Disamba na 1995. Wannan ba a Nijar kaɗai ba ne. A birnin Oklahoma na Amurka akwai filayen jirgi biyu, ɗaya mai sunan ɗan barkwanci Will Rogers, ɗaya mai sunan matuƙi Wiley Post, kuma su biyun a jirgi guda suka faɗo suka mutu a Alaska a 1935. Mai tsoron hawa jirgi, gara kada a ba shi wannan labari sai ya sauka.

To, ga inda nake so mu ɗan daɗe. A watan Yuni na 2023 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da sabbin sunayen filayen jirgi goma sha biyar a lokaci guda. Maiduguri ta samu Muhammadu Buhari, Fatakwal Obafemi Awolowo, Kaduna Hassan Usman Katsina. A cikin jerin nan na sarakuna da janar-janar da 'yan siyasa, sai ga suna ɗaya da ya sa masoya adabin Hausa suka gyara zama: filin jirgin Minna ya zama na Malam Abubakar Imam, ɗan Kagara, mai Magana Jari Ce, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Mutumin da kusan duk wanda ya yi firamare a Arewa ya zauna a gaban labaransa. Ni da kaina na yi murna, na ce yau dai an tuna da mai alƙalami. Ba a rufa shekara ba, a watan Maris na 2024, gwamnatin jihar Neja ta sauya wa filin suna zuwa Bola Ahmed Tinubu. Wata tara ke nan aku ya yi a kan reshen, aka kore shi. Ba ina cewa shugaban ƙasa bai cancanci a karrama shi ba, wannan kowa da ra'ayinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da za a nemi wanda za a ɗage don a ba wani wuri, marubucin aka fara gani, domin shi ba ya da jam'iyya, ba ya da kwangilar da zai raba, kuma ya rasu tun 1981.

Suna irin wannan riga ce ta aro, wanda ya ba ka yana iya karɓewa, in kuma shi ya tafi wanda ya gaje shi ya karɓe. A Bagadaza filin jirgin Saddam ne har zuwa watan Afrilu na 2003, sojojin Amurka na shiga aka goge. A Johannesburg sunan Jan Smuts ne, aka cire a 1994 da hujjar cewa kada a ƙara sa wa filin jirgi sunan ɗan siyasa, sai ga shi a 2006 an sa masa O. R. Tambo, wanda shi ma ɗan siyasa ne. Mafi ban mamaki na Harare ne: a farkon watan Nuwamba na 2017 aka yi biki aka raɗa masa Robert Gabriel Mugabe, kafin watan ya ƙare sojoji sun fito da tankoki, Mugabe ya yi murabus ranar 21 ga wata. Fentin allon ma da ƙyar in ya gama bushewa. A Ghana kuma, 'yan uwanmu na zango sun san shekarun da aka kwashe ana ce-ce-ku-ce a kan sunan Janar Kotoka, ɗaya daga cikin waɗanda suka kifar da Kwame Nkrumah a 1966, wanda aka kashe a harabar filin jirgin Accra a 1967 sannan aka sa wa filin sunansa. Wasu suka ce gwarzo ne, wasu suka ce ta yaya ƙasa za ta riƙa tarbar baƙi da sunan mai juyin mulki.

Amurkawa ma ba su tsira ba. A 1981 shugaba Ronald Reagan ya kori ma'aikatan da ke ba jirage umarnin tashi da sauka fiye da 11,000 saboda sun shiga yajin aiki. A 1998 aka sa wa filin jirgin birnin Washington sunansa. Ka ƙiyasta yadda wanda aka kora zai ji duk sanda ya sayi tikiti.

Amma akwai abin da ba ya bin iskar siyasa, shi ne harufan nan uku da ke jikin jaka. Canza su wahala ne, domin suna cikin kwamfutocin kamfanonin jirage na duniya baki ɗaya, shi ya sa suke riƙe da tsohon tarihi. Filin jirgin O'Hare na Chicago ya ɗauki sunan wani matuƙin jirgin yaƙi ne a 1949, amma har yau ORD ake rubutawa, daga tsohon sunan wurin, Orchard, wato lambun itatuwa. Legas LOS ce, Abuja ABV, Yamai NIM, ko wa aka rubuta a ƙofa. Na New York ne ya fita daban: Idlewild ake ce masa, aka kashe shugaban Amurka John Kennedy a watan Nuwamba na 1963, a Disamba aka sauya suna, harufan ma suka koma JFK, bakin jama'a kuma ya karɓa nan take.

Wasu ƙasashen kuwa sun zaɓi su tarbi baƙo da abin da suka fi alfahari da shi, ko da ba mulki ba ne. Liverpool ta ɗauki mawaƙi John Lennon. New Orleans ta ɗauki mai busa Louis Armstrong a 2001. Warsaw na da makaɗi Chopin, Rum na da mai zane Leonardo da Vinci, Louisville ta ɗauki ɗanta Muhammad Ali a 2019. Tanja ta Maroko ta yi dabara, ta sa Ibn Battuta, matafiyin da ya zaga duniya da raƙumi da jirgin ruwa har ya biyo ta Takedda ya ambaci Gobir a labarinsa. Wa ya fi shi dacewa da tashar matafiya? Tsibirin Madeira kuma bai jira mutuwa ba, a 2017 ya sa wa filinsa Cristiano Ronaldo yana tsaka da buga ƙwallo. Sai dai gunkin kansa da aka ƙera aka kafa a ƙofa ya fito da wani murmushi a karkace da ido kamar na wanda ya ga maciji, duniya ta yi ta dariya a intanet, har aka sauya shi bayan shekara guda.

Sai ka tambayi kanka, ina Mamman Shata? Ina Ɗanƙwairo, ina Ɗan Maraya? Mutumin da ake jin muryarsa daga Katsina har Kumasi da Khartoum, wanda direban babbar mota ke kunnawa tun daga Funtuwa har Legas, bai isa a rubuta sunansa a ƙofar da matafiya ke bi ba?

A fagen wasan kwaikwayo lamarin ya ɗan bambanta, kuma ni ya fi kwanta mini. Can suna yakan fito ne daga wanda ya yi aikin. A ƙasar Yarabawa ƙungiyoyin wasa masu yawo gari-gari da sunan mai su ake kiransu: ta Hubert Ogunde, ta Duro Ladipo, ta Kola Ogunmola. Shi ne shugaba, shi ne jarumi, shi ne mai biyan kuɗin mota, sau da yawa matansa ne ma 'yan wasan. A Nijar in ka ce ƙungiyar Yazi Dogo ba sai ka ƙara bayani ba. A Kano an yi ƙungiyar wasan kwaikwayo mai sunan Maitama Sule, Ɗanmasani, wanda shi ma ya yi wasan tun yana malamin makaranta kafin siyasa ta ɗauke shi. Mu kuma masu kallo mun ƙara namu salon, mukan manta sunan yanka mu riƙe na wasa. Mutum nawa ne za su gane Usman Baba Pategi in ba ka ce Samanja ba? Wannan suna babu gwamnan da ya sa hannu a kansa, babu kuma wanda zai iya sokewa.

A Ingila babbar ƙungiyar wasan da ke garin Stratford tana ɗauke da sunan Shakespeare, wanda ya mutu tun 1616, kuma wasanninsa take yi har gobe. A unguwar Broadway ta New York, inda aka daɗe ana sa wa gidajen wasa sunayen masu su da attajirai, sai a 2005 aka fara sa sunan baƙar fata, marubuci August Wilson, makonni biyu bayan rasuwarsa. A 2022 aka ƙara da ɗan wasa James Earl Jones da mawaƙiya Lena Horne. A Yamai akwai cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, mai shirya fim, tsohon sojan da ya yi yaƙi a Indochina ya dawo ya kama kyamara. A Legas kuma, babban ɗakin wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, an sa masa sunan Wole Soyinka a 2024, lokacin da ya cika shekara casa'in. Wannan kam an ajiye ƙwarya a gurbinta. Amma tafi Legas ka ce wa direban bas ya sauke ka a cibiyar Soyinka, ka ga ko ba zai tambaye ka ko tsohon sunan, National Theatre, kake nufi ba.

Kwanakin baya na hau adaidaita zan tarbi wani ɗan uwa da ke dawowa daga Umara. Don in gwada, sai na ce wa yaron, "Aminu Kano za ka kai ni." Ya ce to, ya ja. Muna hira, ban ankara ba sai ga mu mun miƙa titin Zariya. Na ce, "Kai samari, ina muka nufa?" Ya waiwayo ya ce, "Baba, ba asibiti ka ce ba? Wa aka kwantar?"

Nan muka kawo ƙarshen sharhin namu na yau. A huta lafiya.