Ƙararrawar da ta tsage a Filadelfiya

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau sharhin namu zai leƙa birnin Filadelfiya na Amurka, inda aka ajiye wata tsohuwar ƙararrawa mai nauyin kusan kilo 940 da suke kira ƙararrawar 'yanci, ga tsaguwa nan ɓaro-ɓaro a jikinta, rabon da a kaɗa ta da gaske tun watan Fabrairun 1846.

A 1751 majalisar Fensilbaniya, yankin da Filadelfiya take ciki, ta yi odarta daga Landan, tana isowa aka gwada bugawa sai ta tsage, wasu maƙera biyu na garin, John Pass da John Stow, suka narke ta suka sake zubawa a 1753 har sau biyu ma, don ƙarar ta farko ba ta yi wa mutane daɗi ba. Sunayensu na nan a jikinta har yau. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rubutun da ya zagaye samanta, aya ce daga Littafin Firistoci cikin Attaura, sura 25 aya 10, cewa a yi shelar 'yanci a duk faɗin ƙasar ga dukkan mazaunanta. Ayar na magana ne kan kowace shekara ta hamsin a dokar Bani Isra'ila, wadda ake sakin bayi kowa ya koma ga danginsa da gonarsa ta gado.

Dukkan mazauna fa aka ce! Alhali lokacin da ake zuba wannan rubutu ana saye da sayar da baƙar fata a cikin garin, kuma taku kaɗan daga inda take yanzu nan ne gidan da George Washington ya zauna yana shugaban ƙasa, bayi tara ya riƙe a gidan. Wallahi abin da ciwo. Shi ya sa masu yaƙi da bauta a shekarun 1830 suka riƙe ayar nan gam suna tambayar su waye dukkan, su ne ma suka raɗa mata sunan 'yanci, da can ƙararrawar kiran 'yan majalisa da tara jama'ar gari ce. Sai 1865 aka haramta bauta a Amurka.

Mata ma ba a bar su a baya ba, a 1915 masu neman 'yancin zaɓe suka sa aka ƙera musu irinta, suka ɗaure harshenta da sarƙa suna yawo da ita a mota gari-gari cikin Fensilbaniya, ba a kwance sarƙar ba sai 1920 da doka ta ba su damar jefa ƙuri'a.