Abin da gina tashar ƙananan jiragen ruwa ke yi wa gudun ruwa da yashi

Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kaduna. Ni ce Hadiza, tare da ni kuma akwai Injiniya Sani, wanda aikinsa ya shafi gine-ginen cikin ruwa, da Malam Bala, malamin labarin ƙasa. Yau za mu tattauna ne a kan tashar da ake ginawa domin ƙananan jiragen ruwa, irin na shaƙatawa da na fito da na kamun kifi, da abin da ginin ke yi wa gudun ruwa da yashi da lakar da ruwan ke ɗauke da su. Injiniya, mai sauraronmu na Kawo ko Rigasa zai iya cewa tsakaninsa da teku tafiyar yini guda ce cur, to ina ruwansa da wannan magana?

Sani: Da ruwansa kuwa, Malama Hadiza. Tun watan Janairun 2018 aka buɗe tashar tsandauri a Kakuri, wato tashar sauke kayan jiragen ruwa a kan tudu, kuma kwantenar da ke sauka a can sai da ta ratsa mashigin Legas kafin ta iso, mashigin da ba ya zama da zurfinsa sai ana yashe shi. Ban da haka, dokar da ruwa ke bi a bakin teku ita ce yake bi a Kogin Kaduna. Ruwa mai gudu yana ɗaukar kaya, idan gudunsa ya ragu sai ya sauke. Tsakuwa ce ke fara sauka, sai yashi, sai kuma laka, wadda kan ɗauki sa'o'i ko kwanaki tana yawo kafin ta kwanta. Ita kuwa tashar ƙananan jirage, dalilin gina ta ke nan, a samar da wurin da ruwa zai natsu domin kada jirage su riƙa bugun juna. Saboda haka duk wanda ya gina ta ya gina wa laka masauki, ko ya sani ko bai sani ba.

Bala: Wannan ƙarshen maganar taka ina so mu tsaya a kanta, Injiniya, domin mutane da yawa suna ɗaukar cikewar tasha a matsayin sakacin ɗan kwangila. Sau da yawa ba haka ba ne. Za a iya yin aikin bisa ƙa'ida, da duwatsu masu kyau, amma tashar ta cike, saboda natsuwar da aka nema wa jirgi ita ce ke sa lakar ta sauka.

Hadiza: To yaya lakar ke shiga, alhali an kewaye wurin da katangar duwatsu, ba a bar komai ba sai ƙofa guda?

Sani: Ta wannan ƙofar take shiga, kuma ta hanyoyi fiye da ɗaya. A gaɓar Najeriya teku yana cikowa ya janye sau biyu a kowace rana, kuma a Legas bambancin tsayin ruwan bai wuce mita ɗaya ko kusa da haka ba. Duk lokacin da ya ciko, ruwa mai gurɓi yana kwararowa cikin tashar, ya zauna na ɗan lokaci shiru, lakar ta fara kwanciya, sannan idan ya janye ya fita da tsabta fiye da yadda ya shigo. Abin da ya bari a rana guda bai taka kara ya karya ba, amma ki lissafa sau biyu a rana har shekara ta zagayo. Sai kuma ruwan da ke wucewa ta gaban ƙofar, wanda yake gogar ruwan ciki ya sa shi juyawa a hankali. Idan kika motsa shayi da cokali kika bar shi, za ki ga ganyen ya taru a tsakiyar gindin kofi. Haka lakar ke taruwa a tsakiyar wannan juyi, kuma nan ne daidai inda jirage ke buƙatar zurfi domin su juya kansu.

Bala: Akwai kuma abin da ke faruwa a bakin kogi, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, a cikin ruwan daɗi suna iya tafiya mai nisa ba su sauka ba, amma da zarar gishiri ya taɓa su sai su manne wa juna su zama dunƙule, su yi nauyi, su nutse. Shi ya sa tashar da aka gina a irin wannan mahaɗa take cikewa da sauri fiye da wadda ke can sama a kogi.

Hadiza: Wannan duk a cikin tashar ne, kuma mai tasha ne zai ji a aljihunsa. Me ke faruwa a wajenta, Malam Bala?

Bala: Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba, Legas ta ishe mu. A gaɓar Afirka ta Yamma raƙuman ruwa suna zuwa ne daga kudu maso yamma, suna bugun gaɓa a karkace. Kowane bugu yana tura yashi sama a karkace, sannan ruwan ya dawo da shi ƙasa a miƙe, ta haka yashin yake matsawa gabas taki bayan taki, daga wajen Ghana ya ratsa Togo da Benin ya shigo Najeriya. A da wannan yashi yana toshe bakin mashigin Legas, manyan jirage ba sa iya shiga, sai dai su tsaya a waje a yi jigilar kaya da ƙanana. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu a gefe biyu na mashigin, suka miƙa su cikin teku. Buƙata ta biya, jirage suka shiga. Amma katangar yamma ta tare yashin, ya yi ta taruwa a gefen Tarkwa Bay har gaɓar can ta ƙaru, shi kuwa gefen gabas, wato Bar Beach a tsibirin Victoria, aka yanke masa abin da ke zuwa masa. Raƙuman ruwa ba su daina kwashewa ba, sai dai babu mai mayarwa. Cikin shekaru kusan ɗari teku ya cinye fiye da kilomita guda na wannan gaɓa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello na can, wanda ke da suna ɗaya da namu na tsakiyar gari.

Sani: An kuma yi ta zuba yashi a wurin sau da dama, teku yana kwashewa, kafin a zo ga aikin Eko Atlantic, sabon birnin da aka cike teku da yashi domin gina shi, da babbar katangar da aka yi masa. Ita ma katangar ba ta ƙirƙiro yashi ba, ta dai kare abin da ke bayanta, kuma har yanzu ana muhawara a kan yadda zaizayar ta matsa gabas zuwa gaɓar Lekki. Irin wannan ya faru a Lome da Kwatano bayan an gina tashoshinsu a shekarun 1960, yamma ta samu ƙarin ƙasa, gabas ta yi asarar gidaje da hanyoyi.

Hadiza: Amma ranka ya daɗe, waɗannan manyan tashoshi ne na jiragen dakon kaya. Anya ba a zuzuta abin ba idan aka kwatanta su da ƴar tashar da ba ta wuce ta kwale-kwale hamsin ba?

Sani: Girman ɓarnar yana bin girman ginin, wannan gaskiya ne, amma yanayinta ɗaya ne. A Santa Barbara ta jihar Kalifoniya a Amurka, tashar da aka yi wa katanga a ƙarshen shekarun 1920 ta ƙananan jirage ce, amma ta tare yashi, bakinta ya riƙa toshewa, gaɓar da ke gaba da ita ta zaizaye, kuma har yau ana yashe ta a kai a kai. Abin da ake dubawa shi ne ko katangar ta kai inda yashi ke tafiya, wato wurin da raƙuman ruwa ke fashewa. Idan ta ratsa wannan wuri, ta tare hanya ko da gajera ce.

Bala: Ni dai a nan ina da ɗan saɓani da Injiniya. A ganina ƙananan tashoshi sun fi ban tsoro ta wata fuskar, domin babbar tasha idon kowa yana kanta, dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 tana hawa kanta, ana kawo masana su auna. Ƙananan kuwa, wannan ya cike gefen tafki ya kafa tasa, wancan ya miƙa gadar sauka cikin ruwa, kowanne ya ce nasa bai kai a damu ba. Idan suka yi yawa a mashigi guda sai su matse hanyar ruwa, ya ƙara gudu a tsakiya yana ƙwaƙule ƙasa, ya mutu a gefe yana tara taɓo, kuma babu mutum ɗaya da za a kama a ce shi ya jawo.

Sani: Ban musa ba, Malam. Ƙwaƙulewar da ka ambata ma ana iya ganinta a nan gida. Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin gadar Kogin Kaduna da rani, lokacin da ruwa ya ja baya duwatsu suka fito, zai ga rami a gaban ginshiƙi ta inda ruwa ke bugunsa, sannan a bayansa ga tudun yashi ya miƙe siriri. Ruwan da ya bugi ginshiƙin yana nutsawa ƙasa ya haƙe gindinsa, abin da ya haƙo kuma ya ajiye a baya inda gudu ya mutu. Masu haƙar yashi sun san wannan sarai. Za ka ga mutum ya tsayar da kwale-kwalensa a cikin lanƙwasar kogi, ba a bayanta ba, ya nutsa da bokiti ya fito yana juyewa har jirgin ya kusa shan ruwa, sannan ya tuƙa zuwa gaɓa inda tifa ke jira. Ya san inda kogi ke ajiya, kuma ya san bayan damina zai tarar an sake cika masa.

Hadiza: Idan haka ne, a ce gobe wani ya zo da shawarar gina tashar kwale-kwalen shaƙatawa a gefen lambun Gamji, me za ku fara tambayarsa?

Sani: Zan tambaye shi a wane gefen lanƙwasa zai gina, domin a ciki yashi zai binne masa ƙofa, a waje kuma ruwa zai ci gindin ginin. Zan tambaye shi ko ya auna kogin a watan Agusta da Satumba, ba a watan Maris kaɗai ba, tunda waɗanda suka ga ambaliyar 2003 a Kigo Road da Barnawa sun san kogin rani daban ne da na damina. A irin wannan kogi na fi son dandamali mai iyo, wanda aka ɗaure da ginshiƙai yana hawa da sauka tare da ruwa, domin ruwa da yashi suna wucewa ta ƙarƙashinsa. Katanga toshasshiya ita ce ke canza wa kogi hanya, ta tura ƙarfinsa zuwa gaɓar da ke tsallake, inda wataƙila gonar wani ko gidansa yake.

Bala: A ƙara da tambayar wa zai biya kuɗin yasa, kuma har zuwa yaushe. A 2009 gwamnatin marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa ta ƙaddamar da yashe Kogin Neja daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, an kuma buɗe tashar Baro a farkon 2019. Amma kogi yana kawo sabon yashi kowace damina, saboda haka hanyar da aka yashe sau ɗaya aka bari komawa take yi yadda take. Ƙaramar tasha ma haka ne, kuɗin yasa kamar kuɗin albashi yake, dole ya shiga kasafin kowace shekara.

Hadiza: Ina ake kai abin da aka yaso? Na ɗauka tifa za ta kwashe a sayar wa magina.

Sani: Idan yashi ne mai tsabta daga bakin ƙofa, wurin da ya fi dacewa da shi shi ne gaɓar da aka hana shi isa. A Gold Coast ta Ostireliya, tun 1986 suka kafa famfunan da ke zuƙo yashi daga gefen da yake taruwa, su tura shi ta bututu a ƙarƙashin mashigi zuwa ɗaya gefen, ya ci gaba da tafiyarsa. Taɓon cikin tasha kuwa wani abu ne daban. Inda ruwa ba ya sauyawa sosai, man inji da fentin da ake shafa wa gindin jirgi domin hana ƙwari da gansakuka mannewa suna sauka su haɗe da laka. Wani nau'in wannan fenti mai sinadarin TBT an haramta shi a duniya tun 2008, amma ragowarsa tana nan a taɓon tsofaffin tashoshi. Idan aka zo yasa aka tayar da shi, sai ya koma cikin ruwa, ya bi gudu zuwa inda masunta ke jefa koma. Saboda haka ana ɗibar samfurin taɓon a gwada kafin injin yasa ya taɓa shi, kuma idan an samu guba a ciki, a tudu ake killace shi.

Bala: Tun a zane ma ana iya rage wannan. Tasha mai kusurwoyi masu kaifi da doguwar kwana tana da lungunan da ruwa ke kwana a ciki bai fita ba, mai zagayayyen ciki kuwa ta fi wankuwa. Wasu kan bar ƙofa ta biyu, ko su sa manyan bututu a jikin katanga domin ruwa ya ratsa. Kuma bai kamata a haƙa cikin tashar ya fi hanyar shigarta zurfi ba, domin ruwan ƙasan ramin zai zauna babu iska, kifi ya guje shi.

Hadiza: Lokaci ya cim mana. Injiniya Sani, Malam Bala, mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.