Maganar Launin Fata: Mu Buɗe Ta da Ƴaƴanmu

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, ƴan'uwana Damagarawa mazauna Faransa, barkanmu da haɗuwa.

Yau zan taɓo maganar da muka saba kauce wa a tarukanmu, wato launin fata.

Mu da muka tashi a unguwannin Zinder, Birni ko Zango ko Garin Malam, ba mu taɓa kwana da tunanin cewa mu baƙaƙe ne ba. Abin da ake tambaya shi ne ɗan gidan wa ne kai. Sai da muka sauka ƙasar nan fatarmu ta riƙa riga mu shiga ofis. Mu dai da girmanmu muka tarar da abin. Ƴaƴanmu kuwa tun daga lakwal suke sha.

Idan an ce farar fata gata ce, ba ana nufin kowane Bature mai kuɗi ba ne. Muna aiki da talakawansu, mun san wahalarsu. Gatan shi ne ɗansa ya fita da dare ba tare da uwarsa ta ce ya ɗauki katin shaidarsa ba, kuma in ya nemi gidan haya sunansa ba ya rufe masa ƙofa. A 2017 hukumar kare haƙƙin jama'a ta Faransa ta bayyana cewa samarin da ake ɗauka baƙaƙe ne ko Larabawa sun ninka sauran mutane sau 20 wajen yiwuwar ƴan sanda su tsayar da su. Adama Traoré, wani saurayi baƙar fata a nan Faransa, ya rasu a hannun jandarmomi a 2016, ranar da ya cika shekara 24. Yaranmu sun san sunansa sarai. Amma in suka kawo ƙorafi gida, me muke cewa? "Yi haƙuri, ba ƙasarmu ba ce." To, iyaye, su ƙasarsu ce, a nan aka yanke musu cibiya. Wannan amsar tana sa yaro ya daina gaya mana komai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Muna da abin ba su da ya wuce haƙuri. Su san Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, an ƙera igwa a zamaninsa, ayari na zuwa daga Tarabulus. Su san Sarki Amadu Kuran Daga ya fuskanci sojan Faransa a Tirmini a 1899, Zinder ta riƙe babban birnin Nijar har 1926, kuma kakanninsu sun yi aikin dole har aka soke shi a 1946.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A gidajenmu har gobe ana fasa aure don an ce asalin yaro bayi ne ko maƙera. Ana yabon amarya da cewa fara ce, ƴanmata na ji, suna sayen man bilicin. Mutumin Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a Zinder a da, ya san irin kallon da ake masa a cikin garinsa. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifi, a 2008 kuma Hadijatou Mani, wadda aka bautar, ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar a kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Wasunmu da ke kuka da wariya a nan, a gida mu ne masu gatan. Yaranmu suna lura, wallahi suna lura, kuma ba za su saurare mu a kan ɗaya ba in muka ɓoye ɗayar.

Ranka ya daɗe shugaba, ga roƙona. A taro na gaba a ware wa samari da ƴanmata awa ɗaya. Su faɗi abin da suke gamuwa da shi a lakwal da wurin aiki, da abin da suke ji daga bakinmu. Wanda Hausarsa ba ta nuna ba ya yi da Faransanci, kada kowa ya yi masa dariya. Ni zan ɗauki nauyin kiran iyayensu.

Na gode. Wassalamu alaikum.