Lacca: Yadda Ake Gane Shekarar da Aka Ƙera Kayan Injin Tsofaffin Motoci

Jama'a masu sauraro, ina yi muku sallama, ina kuma godiya da kuka ba ni aron kunnuwanku. Abin da zan yi magana a kansa shi ne yadda mutum zai tsaya gaban injin tsohuwar mota, irin motocin nan na shekarun 1950 zuwa 1970 da ake adanawa saboda tarihinsu, ya gane ko kayan da ke jikin injin su ne waɗanda motar ta fito da su daga masana'anta, ya kuma san shekarar da aka ƙera kowanne. Tun daga farko zan faɗi matsayina, domin a kansa sauran bayanin zai hau: lamba ɗaya ba ta isa shaida ba. Abin da ke tabbatar da asali shi ne a ga kwanakin da ke jikin kayan sun bi juna kamar yadda aiki yake bi a masana'anta, wato an zuba ƙarfe tukuna, sannan an haɗa inji, sannan an ɗora shi a mota.

Lambobin da ke jikin inji iri biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta faɗawa cikin ruɗani. Akwai waɗanda suka fito tare da ƙarfen tun lokacin da aka narka shi aka zuba a mazubin yashi. Waɗannan galibi sun taso ne daga jikin ƙarfen, idan ka shafa da yatsa za ka ji tudunsu, kuma gefensu yana da kaushi irin na yashi. Akwai kuma waɗanda aka buga da hatimin ƙarfe bayan an gama gyare fuskar bulok ɗin, wato gangar jikin injin, su kuwa sun nutse ciki. Na farko labarin gidan zubi suke bayarwa, na biyu kuma labarin wurin da aka haɗa injin.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar lambar samfurin kaya a matsayin shekarar da aka ƙera shi. Mu ɗauki kamfanin Ford na Amurka. A jikin bulok ɗin injinsu mai suna 289 ana samun lamba kamar C5AE-6015-E. Harafin C yana nufin shekarun 1960, kamar yadda B yake nufin shekarun 1950, D kuma shekarun 1970. Lambar 5 da ke biye tana nufin 1965, harafin A yana nuna jinsin motar da aka tsara kayan dominta, E yana nuna sashen injiniyoyin inji, 6015 kuwa ita ce lambar da Ford ke ba bulok. Mai gaggawa zai ga C5 ya ce ai wannan na 1965 ne. Alhali abin da lambar ta faɗa kawai shi ne an tsara wannan samfurin ne domin motocin 1965, kuma muddin ba a sauya zanensa ba, za a ci gaba da zuba shi da wannan lambar a shekarun da suka biyo baya. Misalin da ya fi wannan fitowa fili yana wajen Chevrolet, inda bulok mai lamba 3970010 ya fara fitowa a 1969 aka kuma yi ta zuba shi kusan shekara goma, ana yin injuna masu girma dabam-dabam da shi. Lambar samfuri tana gaya maka cewa kayan bai girmi shekara kaza ba, amma ba ta gaya maka ranar haihuwarsa.

Ranar haihuwar tana cikin wata 'yar gajeriyar lamba dabam, wadda ita ma ta fito tare da zubin. A ƙananan injunan Chevrolet masu silinda takwas, waɗanda aka fara yi a 1955, ana samunta a bayan bulok, a gefen da giyabos yake haɗuwa da shi. Tsarinta shi ne harafi na wata, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Idan ka ga C 12 9, to harafi na uku wata na uku ne, wato 12 ga Maris na shekarar da ta ƙare da 9. Ford kuwa shekara yake sa wa a gaba, saboda haka 5C12 a wajensa 12 ga Maris ne na shekarar da ta ƙare da 5. Akwai wani tarko a nan da nake roƙonku ku riƙe da kyau. Ford yana tsallake harafin I domin kada a ɗauke shi lamba 1, don haka a wajensa J ne Satumba, M kuma Disamba, alhali a zubin Chevrolet I ne Satumba, L kuma Disamba. Wanda ya karanta lambar wani kamfani da ƙa'idar wani zai kauce da wata guda a watannin ƙarshen shekara, kuma wata guda ya isa ya sa a yanke wa inji na asali hukuncin cewa ba na motar ba ne.

To, tun da lamba ɗaya ce kawai ta shekara, ta yaya za a san 9 ɗin ta 1959 ce ko 1969 ko 1979? A nan ne lambar samfurin da muka rage wa daraja ɗazu take dawo da amfaninta, domin ita ce ke nuna zamanin da kayan ya fito, ita kuma gajeriyar lambar ta nuna rana a cikin zamanin. Siffar kayan ma tana taimakawa. Injin 289 na farko, irin wanda aka sa wa motar Mustang ta Ford lokacin da ta fito a Afrilun 1964, kusoshi biyar ne ke haɗa shi da gidan kuloci, daga baya a cikin wannan shekarar aka koma shida, kuma motocin farkon dainamo gare su kafin a koma altaneta.

Sai batun shekarar samfurin mota, wadda ba ta tafiya daidai da kalanda. Kamfanonin Amurka sun saba fara ƙera motocin sabuwar shekara tun wajen Agusta ko Satumban shekarar da ta gabata. Saboda haka motar 1969 da aka haɗa a Oktoban 1968 dole kayan injinta su ɗauki kwanakin 1968, kuma idan ka ga 9 a jikinsu, a nan ne ma ya kamata hankalinka ya tashi.

Yanzu bari in kai ku kusa da wurin da na fi daɗewa a kansa duk lokacin da nake duba injin Chevrolet. A gaban bulok, ta ɓangaren dama, daidai gaban kan silinda, akwai wani ɗan fili shimfiɗaɗɗe da bai wuce tsawon yatsa ba. A nan ake buga lambar haɗa inji, misali V0320DZ. Harafin V yana nufin masana'antar Flint da ke jihar Mishigan, da T ne kuwa da Tonawanda ce ta jihar Niyok. 0320 na nufin 20 ga Maris, DZ kuma alamar injin 302 ne na Camaro Z/28 ta 1969. Ku lura babu shekara a cikin wannan lambar, sai an haɗa ta da ranar zubi. Kusa da ita ko a wani wuri a jikin bulok ana buga wani yanki na lambar shasin motar, abin da ya zama ruwan dare a motocin Amurka daga 1968, kuma wannan yankin ne ke ɗaure injin da mota guda ɗaya tak a duniya. Idan ka goge filin a hankali, ka kwantar da hasken tocila ta gefe maimakon ka haska daga sama, za ka ga wasu siraran layuka miƙaƙƙu da suka tafi daga gaba zuwa baya. Sawun na'urar da ta fere fuskar bulok ne a masana'anta. Idan an taɓa kai bulok ɗin wajen masu daidaita fuska aka kankare shi, layukan nan sukan ɓace, sai ka ga sawu mai lanƙwasa kamar baka, ko fili sumul kamar madubi. Lambar da ke zaune a kan irin wannan fuska, komai kyawunta, daga baya aka buga ta.

Na taɓa kai bulok wani wurin gyara domin a daidaita fuskarsa, ban ja kunnen mai aikin game da wannan ɗan filin ba, da na dawo na tarar lambar ta tafi tare da garin ƙarfe. Injin ya yi lafiya, amma shaidar da ta yi shekaru da dama a jikinsa ta ɓace cikin 'yan mintoci, kuma babu mai iya dawo da ita. Har yau abin yana yi mini ciwo, shi ya sa nake cewa kowa ya ɗauki hoton lambobinsa kafin inji ya bar hannunsa, ya kuma gaya wa mai aiki ƙarara inda ba a taɓawa.

Kayan da ake ɗaurawa a jikin inji su ma suna da kwanakinsu, sai dai kowane kamfani da salonsa. Altaneta da kik na Delco-Remy suna ɗauke da shekara, harafin wata da rana. Kafiretan Holley na shekarun 1960 lamba uku gare shi a wuyansa, shekara da wata da mako, daga farkon shekarun 1970 kuma aka koma lamba huɗu, uku na farko su nuna rana ta nawa ce a cikin shekara, ta ƙarshe ta nuna shekarar. Kayan wutar Lucas na motocin Ingila sun fi sauƙi, domin a yawancinsu wata da shekara ne a buge, kamar 3 65. Waɗannan kayan su ne aka fi sauyawa a rayuwar mota, saboda haka rashin dacewar kwanan kik ba ya zubar da asalin injin, sai dai ya nuna an taɓa yin gyara.

Idan an tattara kwanakin, sai a jera su. A ce an zuba bulok a 12 ga Maris, an haɗa injin a 20 ga Maris, farantin jikin motar kuma yana ɗauke da 04A, wato makon farko na Afrilu. Wannan jeri ne da hankali ya yarda da shi. Amma idan ranar zubi ta zo bayan ranar da motar ta bar masana'anta, magana ta ƙare, domin ba a haifar ɗa kafin uwarsa. Tazarar da aka saba gani kwanaki ne zuwa 'yan makonni, ko da yake kayan da ba a yawan amfani da su sukan daɗe a ajiye. Ƙungiyar masu maido da motocin Corvette ta Amurka, wadda ake kira NCRS, takan amince da tazarar da ta kai wata shida kafin ranar ƙera motar, kuma a ganina wannan ma'auni ne mai adalci ko ga wasu motocin.

Motocin Turai sun fi dogara da jerin lambar inji da kuma kundin kamfani. A Volkswagen Beetle lambar tana ƙarƙashin gindin dainamo, kuma harafin farko yana nuna nau'in injin, kamar F na 1300 da H na 1500. A injin XK na Jaguar ana buga lambar a bulok sama da matatar mai, a kuma maimaita ta a jikin kan silinda a yawancin motocin wancan zamani, don haka ana iya gane ko an raba su. Sannan akwai takardu: Mercedes-Benz tana da katin bayanan kowace mota, cibiyar adana tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon tana ba da takardar shaida daga kundin masana'antu, kuma ga motocin Ford daga 1967 akwai rahoton Marti, wanda ake fitarwa daga kundin kamfanin. Takarda ita ce ke faɗin abin da ya kamata a gani, ƙarfe kuma ya nuna abin da ke nan, sai mai bincike ya gwama su.

Akwai injunan da ba su ne na farko ba amma kuma ba jabu ba ne. Idan inji ya lalace a lokacin garanti, kamfani yakan ba da wani, kuma Chevrolet yakan buga wa irin waɗannan lambar da ta fara da CE, Volkswagen kuma yakan ƙara X a ƙarshen lambar injin da ya sake ginawa. Irin wannan injin tarihin motar ne na gaskiya, kuma ina ganin zalunci ne a kankare shi a buga lambar ƙarya don farashi ya tashi. Mai buga ƙarya yakan tona kansa ta siffar haruffan da ba irin na masana'antar ba, ko ta zurfin da bai yi daidai da na sauran injunan da aka haɗa a wannan makon ba, shi ya sa masana ke tara hotunan lambobi na asali suna gwadawa.

Abu na ƙarshe shi ne yadda ake tsaftace wurin kafin a karanta. Kada a kusanci lamba da sanfefa ko burushin waya na inji, domin su ne ke share siraran layukan da muka yi bayani. Man wanke maiƙo ko kananzir, da tsohon burushin haƙori, da tsumma mai laushi sun wadatar. Idan fenti ya rufe wurin, a narkar da shi da maganin cire fenti maimakon a kankare. Idan haruffan sun dushe, a shafa alli a goge sama-sama domin ya zauna a cikin ramukan, ko a ɗora takarda a goga fensir a kanta. Inda ido ba ya kaiwa, kamar bayan bulok kusa da bangon gaban mota, ƙaramin madubi da tocila suna aiki, sai dai a tuna cewa madubi yana juya rubutu, kuma 6 da 9, ko 3 da 8, sukan rikiɗe wa mai karatu a cikin maiƙo. A rubuta abin da aka gani harafi bayan harafi tun kafin a buɗe littafin fassara lambobi, domin wanda ya riga ya san abin da yake fatan gani, idonsa yakan nuna masa shi ko da babu shi a jikin ƙarfen.