Wane Tsohon Littafi Ya Dace Da Ƙananan Yaranmu?

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi iyayen da ke renon yara a Makka da Jidda da Madina, inda yaro ke jin Hausa a ɗakin mahaifiyarsa, amma da zarar ya taka ƙofar gida sai Larabci, a makaranta ma Larabci. Irin wannan yaro bakinsa na iya juya Hausa, amma idan aka miƙa masa rubutun boko sai ya yi tsaye a kan baƙaƙe masu lanƙwasa, domin ba wanda ya taɓa koya masa su. Saboda haka duk uban da zai zaɓa masa tsohon littafin Hausa, kunnen yaron ya kamata ya fara dubawa, tun da shi uban ne zai zauna ya karanta masa.

A bisa wannan ma'auni, Magana Jari Ce ne a gaba. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi kashi uku a Zariya cikin shekarun 1930, kuma a kashi na farko aku ne ke ta ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida. Kowane labari gajere ne, ana iya gama shi tsakanin sallar isha'i da lokacin barci, kuma yaron da ya saba da dabbobi masu magana a cikin littafin tatsuniyoyin nan na Larabci, Kalila wa Dimna, ba zai ji baƙunci ba, domin Imam ɗin ya ɗebo labarai da dama daga Larabawa da Indiya da Turai ne ya sanya musu rigar Hausa.

Sai dai tsufan littafi da shahararsa ba su ne ke nuna ya dace da ɗan shekara 6 ba. Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya fito ne daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, kuma kowa ya san darajarsa, amma labari ne na yaron da aka sace aka raba da uwarsa, ita kuma ta faɗa hannun masu cinikin bayi tana nemansa. A ganina, a jira yaro ya kai shekara 12 ko fiye, lokacin da za a iya zama da shi a yi masa bayanin bauta da ƙetare Sahara. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga wannan gasa, akwai ban dariya ƙwarai, sai dai yawancin dariyar a kan zamba da ramuwar gayya take tsakanin taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, don haka uba ya riga yaron karantawa, ya ware abin da zai tsallake.

Samun littattafan ba abin wahala ba ne. 'Yan'uwa na zuwa Umra da aikin Hajji kowace shekara, kuma jakar da ta ɗauko yaji da kuka ba za ta rasa wurin littafi ɗaya ba.

Idan an zauna karatu, yaron zai tsayar da mahaifinsa a kan kalmomi irin su dogari da zaure da fatake, waɗanda bai taɓa ganin abin da suke nufi ba a unguwarsu. Kada a yi saurin fassara masa su da Larabci. A tura shi wurin kakarsa ta kwatanta masa zauren gidansu na can gida, sannan a dawo a ci gaba daga inda aku ya tsaya.